Wace shimfiɗa ta dace da cikin takalmin sinobod?

Auwal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan takalmin sinobod, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo ɗaya a ƙarƙashin ƙafa biyu. Matsala uku ce ke damuna. In na yi kamar minti 20 a kan allo, kwarmin tafin ƙafata sai ya ɗauki zafi kamar ana murɗa jijiyar. Ƙananan yatsuna biyu suna mutuwa. Sannan in na danna gefen allon da ke wajen yatsu zan juya, dunduniyata na ɗagawa a cikin takalmin. Lamba 9.5 ne na Amurka, ya yi kwana 12 a kan dusar ƙanƙara. Shimfiɗar da ta zo a cikinsa ɗan siririn soso ne, ana iya naɗe shi kamar tabarma. Na ga shimfiɗun kamfanonin Superfeet, Sidas, Remind, da kuma wadda ake ƙera wa mutum a kan ƙafarsa. Wacce zan saya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Auwal. Kada ka fitar da ko sisi tukuna. Auna ƙafarka, domin shimfiɗa ba ta gyara takalmin da ya yi wa mutum yawa.

Cire safa, ka jingina dunduniya da bango, ka tsaya da nauyinka a kan ƙafa biyu daidai, wani ya sa alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Auna daga bango zuwa alamar da milimita. Ka yi wa ƙafa biyun, domin da wuya su zo ɗaya. Ka auna faɗi: jingina gefen ƙafar na ciki da bango, ka auna zuwa wurin da ya fi faɗi a gefen ƙaramin yatsa. Sai ka zauna a kujera, ƙafa a ƙasa babu nauyi, ka sake auna tsawon. Da yamma za ka yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ƙarshe, duba takardar da ke jikin harshen takalmin, za ka ga wata lamba da aka rubuta CM ko MP ko JP a gabanta. Wannan ita ce mondo, wato tsawon ƙafar da aka ƙera takalmin dominta, da santimita. Turo mana duka.

Auwal:
Ga su Malam. A tsaye: dama 264, hagu 261. A zaune: dama 258. Faɗi 103. A harshen takalmin an rubuta 27.5.

Malam Habu:
To, ga rabin amsar nan ta fito. Ƙafar da ta kai 264 takalminta 26.5 ne, wato 8.5 na Amurka. Naka ya wuce da santimita guda cur. Kuma dalilin a fili yake: faɗin 103 a wannan tsawon ya haura na takalmi gama-gari, ƙafarka mai faɗi ce. Mai faɗin ƙafa in ya sa lambarsa ta gaskiya sai ya ji matsi a gefe, sai ya ƙara lamba, ya sami tsawon da ba ya buƙata. A shago yakan ji daidai. Bayan kwana 10 zuwa 15 sai lainar, wato wannan takalmin soso na ciki da ake iya zarowa, ta lotse, fili ya ƙaru, dunduniya ta fara yawo. Mutum sai ya ƙara ɗaure igiya don ya riƙe dunduniyar, igiyar ta danne doron ƙafa inda jijiyoyin jini da na ji suke bi, yatsu su mutu. Ka ga matsalarka ta biyu da ta uku tushensu ɗaya.

Ka tabbatar da wannan: zaro lainar, ka sa ƙafa ba safa cikin ɓawon takalmin, wato jikinsa na waje mai tauri, ka tura gaba har yatsu su taɓa. Duba filin da ya rage bayan dunduniya. Santimita 1 zuwa 1.5 daidai ne. In ya haura 2, ya yi yawa.

Hajiya Rabi:
Malam Habu ya kama tsawo da faɗi, ni kuma lambobi biyu ne suka ja hankalina: 258 a zaune, 264 a tsaye. Milimita 6 ke nan ƙafar ke ƙaruwa in nauyi ya hau ta. Ma'ana kwarmin ƙafarka mai saki ne, yana faɗawa ƙasa, ƙafar ta miƙe ta baje. A kan allo wannan faɗawa da tashi na faruwa a kowane juyi, ƙananan tsokokin tafin ƙafa suna ta fama su riƙe ta, yatsu kuma suna ƙoƙarin damƙar ƙasa. Zafin da kake ji bayan minti 20 gajiyar waɗannan tsokokin ce. A nan ne shimfiɗa mai tallafi ke yin aikinta na gaskiya. Tana cike ramin da ke ƙarƙashin kwarmin, ta rungume dunduniya a cikin kofi, wato gurbin da aka yi mata a bayan shimfiɗar, ƙafar ta daina bajewa. Ƙafar da aka tallafe takan fi gajarta kaɗan, ta fi tsukewa, shi ya sa wasu ke ganin yatsunsu sun daina buga gaban takalmi bayan sun canza shimfiɗa.

Amma ka san tsayin kwarmin naka kafin ka zaɓa. Jiƙa tafin ƙafa, ka taka kwali. In sawun ya fito kusan cikakke, kwarmin ƙasa yake. In tsakiyarsa ya kai kamar rabin faɗin ƙafar, matsakaici ne. In ɗan siririn layi ne ya haɗa dunduniya da gaba, ko ma babu, mai tsayi ne. Wannan gwajin yana nuna ƙafa ne a ƙarƙashin nauyi, saboda haka ka haɗa shi da duba kwarmin a zaune. Wanda kwarminsa ke fitowa a zaune ya ɓace a tsaye, matsakaiciyar shimfiɗa yawanci ta fi masa. Wanda nasa a shafe yake ko a zaune ko a tsaye, in ka tura masa mai tudu sosai kamar ka sa masa dutse ne a takalmi.

Auwal:
Na yi duka biyun. Filin bayan dunduniya ya kai santimita 2 da ɗan ɗoriya. Sawun kuma ya fito da faɗi, amma a zaune kwarmin yana nan sarai. Sayen sabon takalmi bana zai yi min wuya gaskiya.

Nura:
Yaya Auwal, ni ra'ayina daban ne da inda maganar ta dosa. Waɗannan shimfiɗu masu roba mai tauri a ƙasa, irin koren Superfeet, tunaninsu ya fi karkata ga takalmin tafiya da na siki, wato zamiya da dogayen alluna biyu. Mai sinobod yana tsalle, yana sauka, wani lokaci a fili ba gangare, duk bugun ya tattaru a dunduniya. Roba mai tauri ba ta shan bugu, miƙa shi take yi zuwa gwiwa da baya. Shi ya sa 'yan tsalle suka fi son Remind da Footprint, masu kaurin soso mai shanye duka. Tunda takalminsa yana da fili, ya sa mai kauri irin Remind Medic, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya cike filin, ya sami laushi.

Hajiya Rabi:
Nura, maganar bugun dunduniya gaskiya ce ga mai tsalle. Amma Auwal bai ce dunduniyarsa na ciwo ba, kwarmi ya ce. Laushi da tallafi abu biyu ne. Ka danna kwarmin shimfiɗa da babban yatsan hannunka: in ya kwanta har ƙasa cikin sauƙi, to nauyin mutum mai kilo 70 da ke danna gefe a guje ba zai ma san da shi ba. Masu jel ɗin nan na kantin magani su ne mafi muni a wannan fanni. A hannu daɗi, a takalmi suna cin wuri, ƙafa tana lilo a kansu, umarnin da ka ba allo sai ya bi ta cikin laushin kafin ya isa gefe.

Ban ce Remind ba ta da tallafi ba, tana da kofi da tudun kwarmi. Abin da nake cewa shi ne a fara da siffa, laushi ya biyo baya.

Nura:
Na yarda da maganar jel, Hajiya. Amma akwai waɗanda suka sa mai tauri, gefen robar ya dinga cin su a kwarmi har suka cire. Wannan fa?

Malam Habu:
Wannan yawanci kuskuren lamba ne, ba laifin taurin ba. Mutane na sayen shimfiɗa da tsawon takalmi, alhali da dunduniya da kwarmi ake saye. Superfeet da haruffa ake sayar da ita: D na ɗaukar 7.5 zuwa 9 na maza, E na ɗaukar 9.5 zuwa 11. Auwal in ya bi lambar takalminsa zai ɗauki E, alhali tsawon ƙafarsa na D ne, tudun kwarmin E zai iya zuwa masa gaba da inda ya kamata. A ɗaya ɓangaren kuma, mai faɗin dunduniya in ya ɗauki ƙarama zai hau bakin kofin maimakon ya zauna a ciki. Babu mafita sai gwaji. Ajiye shimfiɗar a ƙasa, ka taka da ƙafa ɗaya, ka ɗaga ɗayar. Dunduniya ta nutse cikin kofin ba ta malalo a gefe ba. Tudun ya taɓa kwarmin gaba ɗaya, ba a wuri guda kamar tsini ba. Ƙarshen robar mai tauri ya tsaya a bayan gindin babban yatsa, inda ƙafa ke lanƙwasawa. In ya shiga ƙarƙashin gaɓar, kowane juyi na gefen yatsu zai zama azaba. Gwada lamba biyu, ka ɗauki wadda ƙafa ta zauna a ciki, tsawon gaba almakashi ne zai gyara shi.

Sidas 3Feet da Currex suna zuwa da tsayin kwarmi iri uku, ƙasa, tsakiya da sama, kuma sun fi koren Superfeet lanƙwasuwa. Ga ƙafa irin ta Auwal a nan zan fara, da ta tsakiya. Tsakanin abin da Nura ke so ne da abin da Hajiya ke so.

Sadiya:
Bari in ƙara maganar kauri, domin ita ce ta fi kayar da mutane. Cikin takalmi wuri ne ƙididdigagge. Duk milimitar da shimfiɗa ta ƙara a ƙasa, doron ƙafa ne ke biyanta a sama. Mai takalmin da ya zauna masa cif, musamman mai tudun doron ƙafa, in ya sa mai kauri zai ga yatsu sun mutu cikin minti 10, ƙafa ta yi sanyi, ya ɗauka safa ce ba ta isa ba, ya ƙara safa, ya ƙara matsi. Irin wannan siririya yake buƙata, kamar wadda a da ake kira Superfeet Carbon, ko SOLE Active Thin. Auwal yana da fili, shi zai iya ɗaukar matsakaiciya ko mai kauri.

Amma Nura, cike fili da shimfiɗa kaɗai yana da iyaka. In ta ɗaga dunduniya da yawa, ƙashin idon sawu zai fita daga gurbin da aka yi masa a laina, riƙon ya ƙara lalacewa. Kuma shimfiɗa tana rage zurfi ne, ba ta rage tsawo.

Ga yadda ake sakawa. A cire ta asali, ba a ɗora sabuwa a kan tsohuwa. A haɗa su dunduniya da dunduniya, a zana gaban tsohuwar a kan sabuwar da biro, a yanke a wajen layin. A gwada a laina, a ƙara ragewa milimita 1 zuwa 2 har ta kwanta ba ta tanƙware ba. Gaba kaɗai ake yankewa, ba a taɓa kofin. In an rage ta da yawa za ta dinga zamewa gaba da baya, yatsu kuma su ji bakinta. A ɗan goge ƙasan bakin da aka yanke da sanfefa ya yi gangare, don kada ya ci laina. Zaro laina waje ya fi sauƙi, hannu zai iya shiga ya laluba ko ta kwanta.

Auwal:
Allah ya saka Anti Sadiya. To ɗagawar dunduniyar fa, shimfiɗar za ta kashe ta?

Sadiya:
Za ta rage, ba lallai ta kashe ba. Abu biyu za ka haɗa mata. Na farko, shafaffen faifai mai tauri na milimita 2 zuwa 3, a yanka shi daidai ƙasan takalmin, a sa shi cikin ɓawo a ƙarƙashin laina. Wannan na ɗaga laina da ƙafa tare, idon sawu ya zauna a gurbinsa. Na biyu, soso mai gam da aka yanka kamar harafin J ko L, ana manna shi a bayan laina ta waje, hagu da dama, ya bi bayan ƙashin idon sawu ya zagayo ƙarƙashinsa, ya cike ramukan nan biyu da ke gefen agara. Ba a kan ƙashin ake mannawa ba, in ya hau kai ciwo zai jawo. Ka sa lainar a ƙafa, ka laluba ƙashin, ka zagaye shi da alli, sannan ka manna. Rufe shi da salatif mai ƙarfi don kada ya ɓare wajen mayar da laina cikin ɓawo. Wasu takalman kamfanin ThirtyTwo suna zuwa da irin wannan soson da aljihun sa shi, ka duba kwalin naka ko ya zo da makamancinsa.

Abu ɗaya-ɗaya za ka canza. Shimfiɗa yau, ka hau allo. Faifai a fita ta gaba. In ka zuba su duka rana guda kuma ciwo ya zo, ba za ka san mai laifin ba.

Baban Ilham:
Jama'a, ni ina ganin ana ta zagaye. Wadda aka gama a masana'anta an yi ta ne don ƙafar kowa, ƙafar kowa kuma ba ta kowa ba ce. Ya je wurin masu daidaita takalmi a gindin dutsen da ake zamiyar su ƙera masa tasa. Ana ɗumama faifan shimfiɗar, a ɗora ƙafa a kan matashi na musamman, a saita idon sawu a tsaye ba ya karkata ciki ko waje, faifan ya huce da siffar ƙafar, sannan a manna masa soso a ƙasan dunduniya a goge shi ya zauna daram. Sidas da Masterfit duk suna da irin wannan tsarin. Kuɗinta kamar dala 150 zuwa 250, ta kanti kuma 40 zuwa 60. Amma tana shekaru, ana cire ta daga tsohon takalmi a mayar sabo.

Malam Habu:
Baban Ilham, ba na musun amfaninta, amma ba na ganin a nan ya kamata kuɗin Auwal ya fara shiga. Dala 200 ta kai rabin kuɗin takalmi mai faɗi lamba 26.5, irin su Burton Ruler Wide ko Salomon Dialogue Wide, wanda shi ne ainihin maganinsa. Sannan ingancin ƙerarriya yana hannun mai ƙera ta. In ya bar ƙafar ta faɗa lokacin da faifan ke hucewa, ya ƙera maka matsalarka ce da roba. In kuma ya yi mata taurin takalmin siki, ba za ta yi daɗi a namu ba, domin namu yana lanƙwasawa, ƙafa na aiki daga yatsu zuwa dunduniya. Duk mai zuwa ya faɗa musu tun farko cewa ta sinobod ce, gabanta ya zama mai lanƙwasuwa, a sa abin shan bugu a dunduniya.

Wanda ya kamata ya tafi kai tsaye wurin ƙerarriya shi ne mai ƙafa biyu da suka bambanta sosai, ko mai kwarmi mai tsayi da tauri wanda babu ta kanti da ke kai masa, ko mai tsohon rauni, ko wanda ya gwada iri biyu uku bai dace ba.

Baban Ilham:
Maganar hannun mai ƙerawa na karɓa. Amma in ya sayi ta kanti sau uku yana laluben wadda ta dace, ai kuɗin ƙerarriyar ya tafi.

Nura:
Akwai tsaka-tsaki ai, waɗanda ake gasawa a gida. SOLE ana sa ta a tandar girki mai zafin digiri 90 a ma'aunin Celsius na minti 2, a zaro a sa a takalmi, a tsaya cak a kai minti 2, ƙafafu a daidai faɗin kafaɗa. Footprint Gamechangers ma haka, sai dai zafinta da lokacinta daban, a bi abin da ke jikin kwalin.

Hajiya Rabi:
Suna aiki, amma mai sakin kwarmi ya kula. Tana da zafi tana da laushi, in ka sake mata nauyinka duka ƙafa ta baje, tudun zai kwanta, ka rasa abin da ka saya. Ka fara sa ta yadda take kwana biyu uku. In wani wuri na tokare ka, sannan ka gasa, kuma lokacin tsayuwar gwiwa ta kalli yatsa na biyu, kada ta faɗa ciki.

Maganar yatsun nan biyu kuma, in bayan an gyara ɗauri suna nan suna mutuwa, ko kana jin zafi kamar wuta tsakanin yatsa na uku da na huɗu, ko kamar tsakuwa a gindin yatsu, jijiya ce ke matsuwa tsakanin ƙasusuwa. Akwai ɗan tudun soso da ake mannawa a kan shimfiɗa don ya buɗe su. A bayan gindin yatsun ake sa shi, wajen kwarmi, ba a ƙarƙashinsu ba. Milimita 5 na kuskure na iya mayar da magani ciwo, shi ya sa ake fara riƙe shi da salatif a gwada. In mutuwar na daɗewa awanni bayan cire takalmi, ko ciwon dunduniya ne ke tarbar ka a takun farko da safe, likitan ƙafa za ka gani. Mai ciwon suga kuwa kada ya yi wannan gwaje-gwajen shi kaɗai, domin ƙafarsa na iya jin rauni bai ji ba.

Sadiya:
In za ka gasa lainar a shago, wato a ɗumama ta don ta ɗauki siffar ƙafarka, ka tafi da sabuwar shimfiɗar. Ana cire ta kafin a ɗumama laina, a mayar da ita, ka sa ƙafa, ka tsaya kamar minti 10 gwiwa a ɗan lanƙwashe. Lainar da ta ɗauki siffa a kan tsohuwar shimfiɗa gurabenta ba za su zo daidai da sabon zaman ƙafar ba. Ka ce su sa maka ɗan soso a gefen ƙaramin yatsa lokacin gashin, ya buɗa maka wuri a nan. Ɗaurin igiya lokacin gashin matsakaici ne, in ka ƙulle sosai soson zai lotse tun a ranar.

Safa ɗaya, siririya, ta ulu, ba auduga ba. Bayan alwala ka tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da ita, danshi ne ke fara jawo sanyi da bororo. Kullum ka dawo ka zaro shimfiɗa da laina su sha iska, nesa da hita, domin zafin da ya siffata su shi ne zai ɓata su.

Malam Habu:
Sai ɗauri. Ƙasan takalmin a sake, yatsu su iya motsi, sama kuma daga idon sawu zuwa ƙwauri a ƙulle. In BOA, wato ƙafar da ake murɗawa ta ja waya maimakon igiya, ɗaya ce ke jan duka, wannan rabon ba ya yiwuwa sosai, sai ka dogara da igiyar laina wajen riƙe dunduniya. Maɗaurin allo na idon sawu ma kada ka yi ta ja har ƙarshe, in ya kama ya isa. Ka sassauta shi a kan kujerar hawa dutse.

Auwal:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Abin da zan yi: matsakaiciyar Sidas ko Currex, in gwada lamba biyu a shago, sai soson idon sawu, faifan ya biyo baya in akwai buƙata. Tambaya ta ƙarshe: in na sa ta na ji tana tokare ni a kwarmi, yaya zan bambance rashin sabo da rashin dacewa?

Hajiya Rabi:
Ka fara sa ta a takalmin tafiya, awa ɗaya ko biyu a rana, kana ƙarawa har kwana huɗu biyar. Rashin sabo yana zuwa kamar cika a faɗin kwarmin duka, kuma kullum raguwa yake yi. Rashin dacewa wuri guda yake, za ka iya nuna shi da yatsa, yana barin jan tabo a fata, kuma ƙaruwa yake yi. In tabon na gaba kusa da gindin babban yatsa, shimfiɗar ta yi maka tsawo, koma ƙaramar lamba. In yana tsakiyar kwarmi, tudun ya yi yawa, sauko zuwa ta ƙasa. Ranar farko a kan allo ka sa tsohuwar a aljihun riga, kuma kada ka yanke sabuwar sai ka tambayi shagon ko suna karɓar wadda aka yanka.

Malam Habu:
Kuma ka bar mata ɗan tsawo yanzu tunda 27.5 za ta shiga. Ranar da ka koma 26.5 sai ka rage santimita guda a gaba, kofin da tudun suna nan daidai ƙafarka.